Wayoyi Biyar a Ɗa'ifa

"Fara kashe wuta," in ji Baba
daga kujerarsa, bargo biyu a kafaɗa.
Na je bayan ƙofa na sauke babban makunni.
Firji ya yi shiru, gida ya yi tsit,
sai iskar Ɗa'ifa tana gwada ƙarfin taga.

Shekara talatin da bakwai yana ja wa mutane waya,
daga Shihar har Hawiyya ba layin da bai kafa tsani ba.
Yanzu hannu ya ƙi.
In ya ɗauki shayi, rabi nasa, rabi na tire.
Shi ya sa sukundireba ta faɗo hannuna,
ni Ruwaida, mai lissafin kuɗin mutane,
da ko soket ban taɓa kwancewa ba.

Na cire tsohon ma'aunin zafi daga bango.
Ƙarƙashinsa fentin Umma na nan, ruwan ƙwai,
faɗin tafin hannu, rana ba ta taɓa shi ba.
Wayoyi biyar suka leƙo daga rami
kamar 'yan tsaki sun ji an watsa tsaba.

"Kada ki yarda da launi," ya ce, "launi riga ce.
Wanda ya ja wayar nan
da ragowar jakarsa ya yi aiki."
"Wa ya ja ta?"
Ya yi tari, ya dubi silin.
"Ni."

Na manna wa kowace 'yar takarda,
na rubuta gidan da ta fito,
na naɗe su a fensir kada su zame,
don wadda ta faɗa cikin bango sai an fasa.

Ja ce uwa, ita ke kawo wuta.
Fara ta ɗumi, rawaya ta sanyi,
maƙwabta ne, amma ba sa gaisawa.
Koriya ta fanka. "'Yar aike ce,
abin da aka ba ta shi take kaiwa."
Saura shuɗiya, gajera, ta lafe a baya.
"Wannan fa?"
"Hanyar komawa.
Wutar da ba ta da hanyar gida ba ta aiki."
Bai ce Gumel ba.
Amma na ji ta tsakanin haƙoransa.

Na feƙe bakin kowace da filaya,
na yanke ta farko, ya ja tsaki,
ta biyu ta fito, tagulla tana ƙyalli.
Na cusa, na ɗaure.
"Ɗan ja ki ji. Ɗaurin da ba a gwada ba alkawari ne kawai."
Na ɗora murfi. Daga can ya runtse ido ɗaya:
"Ya karkata hagu."
Na sa awo. Ya karkata hagu.

Tsohon yana kan cinyarsa, yana shafa dawarar.
Lambobinta sun goge a wuri biyu:
sha tara, inda Umma ke mayarwa,
ashirin da shida, inda shi ke kaiwa
in ta juya baya ta shiga kicin.
Sun yi shekara talatin suna wannan shari'a,
ba alƙali, ba shaida, ba wanda ya gaji.

Na ɗaga makunni. Firji ya yi gyaran murya.
Gilashin ya farka: sha huɗu.
Wani abu ya ce ƙas cikin bango,
iska mai ƙaurin ƙura ta fara saukowa.

"Nawa zan sa?"
Ya daɗe.
"Sha tara."
Ya ƙara jan bargo har haɓa.

Da ya yi barci na lallaɓa na kai shi ashirin da huɗu,
don ƙirjinsa ba ya son hunturun dutse.
Da asuba na fito alwala, ƙafata ta ji tayil.
Sha tara.
A gefen maɓalli, shatin yatsa da man zafi,
sau uku ya kuskure kafin ya samu.